Fatalwa a Aji na Biyu

Shekara goma sha ɗaya Ustaz Abdulganiyyu ya yi yana koyar da adabin Larabci a Makka, kuma a makarantar midil ta maza da ke bayan unguwar Misfala shi kaɗai ne malami Bahaushe. A unguwar Tandabawi, nan cikin Makka, aka haife shi. Kakansa da ƙafa ya baro Kano, ya shekara bakwai a hanya, ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar ruwa a garwa yana kai wa gidajen mutane. Shi ya sa in Abdulganiyyu ya fito da safe cikin farar riga da littafi a hammata, tsofaffin unguwa da ke zaune a bakin shaguna sukan nuna wa jikokinsu shi. Ya san suna yi, kuma yana jin daɗin abin.

A aji ba a yi masa wasa. Yakan tsaya ya rera baitin tsohuwar waƙa, yara arba'in su amsa da murya ɗaya har masu wucewa a lungu su ɗaga kai. A cikin 'yan aji na biyu akwai Dawuda, ɗan wani mai tsire, yaron da ke haddace baiti talatin a zama ɗaya. Abdulganiyyu bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma kallon magajinsa yake yi wa yaron.

A farkon shekarar karatu ta 1958 aka kawo sabon malamin Turanci. Sunansa Isa, siririn saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu, iyayensa Hausawan Sudan ne, a Wad Madani ya tashi kuma a can ya koyi Turanci. Ranar farko Abdulganiyyu ya ji shi yana neman alli, ya lura da yadda yake furta Larabci, sai ya matsa kusa da shi ya ce da Hausa, "Sannu da zuwa, ɗan gida." Isa ya kama hannunsa da hannu biyu. Abdulganiyyu ne ya samo masa ɗaki a Misfala, shi ya kai shi wurin tela, shi ya gaya masa halin mudir, wato shugaban makarantar, da lokacin da bai kamata a shiga ofishinsa ba. Duk Juma'a bayan la'asar Isa yakan zo gidansa shan shayi. Yaya yake ce masa.

Wata uku ana haka lafiya. Sai wata Talata, da Isa ya gama darasinsa a aji na biyu, Abdulganiyyu ya shiga yin nasa. Yaran ba su miƙe da sauri ba kamar yadda suka saba. Sun haɗa kai uku-uku suna ta gardama ƙasa-ƙasa, a kan allo kuwa an zana wani gida mai tsinin rufi, da kogi a gefensa, da matakala mai hawa goma sha uku.

"Wannan kuma mene ne?"

Dawuda ya miƙe. "Gidan mai fito ne, ya Ustaz. Ustaz Isa ne ya zana. Wani littafi ya zo mana da shi, tsohon labari ne na mutanen Amurka, ya ce yaransu ma a makaranta suke karanta shi."

"Labarin me?"

"Labarin fatalwa."

Bai tambayi ƙarin bayani ba, amma yaran suka yi ta zubo masa, wannan na katse wancan. Wai wani mutum ne ya sayi gida a bakin kogi, a wani ƙauye da sanyi ke daskarar da ruwa har a taka a wuce. Mai gidan na dā mai fito ne, ƙanƙara ta tsage da shi ya nutse. Kullum da safe sai sabon mai gidan ya tarar da jiƙaƙƙen sawun ƙafa daga kogi har cikin gida, kuma kowace rana sawun yana ƙara hawa mataki ɗaya zuwa ɗakin sama, inda yake kwana. Yau sun kai mataki na uku.

"Ya Ustaz," in ji wani yaro daga baya, "da gaske kogi yana zama dutse?"

"Goge allo," in ji Abdulganiyyu.

Ya rera baitin ranar, suka amsa. Amma ya ji amsar ba ta da nauyi, kuma sau biyu ya kama Dawuda yana leƙen wata takarda a ƙarƙashin tebur, inda ya jera sababbin kalmomin Turanci.

Daga ranar abin ya zama kamar zazzaɓi a makarantar. Littafin kwafi ɗaya ne tak, ɗan ƙarami mai koren bango, wanda Isa ya samo a Jidda wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai kusa da tashar jirgin ruwa. Shafi uku ko huɗu suke karantawa a darasi. Isa yakan karanta, ya sa su karanta, ya fassara wurin da ya yi tsauri, sannan ya rufe littafin ya yi musu tambaya. Me ya hana mutumin ya bar gidan? Wanda ke ba da labarin nan, kun yarda da shi? Mai fiton mugunta ta kawo shi, ko wani abu yake nema? Yaran sukan fito da tambayoyin har farfajiya lokacin hutu, suna cin gurasa da wake suna musu. Wasu su ce aljani ne ya ɗauki kamannin mamacin, wasu su ce mutumin ne ya zautu. 'Yan aji na ɗaya da na uku, waɗanda ba a karanta musu ba, sukan tsaya a gefe suna saurare.

Abdulganiyyu yakan gani ta tagar ɗakin malamai. Shekara goma sha ɗaya, bai taɓa jin yaro yana maganar darasinsa lokacin hutu ba. Ya gaya wa kansa cewa ai abin da ke da daraja ba a yi masa hayaniya.

Ranar Asabar ya ba su aikin insha'i, kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan ruwan sama. Yawancinsu suka rubuta abin da aka saba: rahamar Allah, da ambaliyar da kan gangaro ta Misfala ta shiga shaguna. Dawuda kuwa ya fara da ruwan Makka, sai ya zarce ya rubuta wani kogi da ya daskare, da wani mutum da ke tsaye a kansa yana jin ana ƙwanƙwasawa daga ƙasa. Abdulganiyyu ya karanta sau uku. Larabcin tsaf yake, babu kuskure ko ɗaya, kuma yaron bai taɓa rubuta masa abu mai kyan wannan ba. Ya ɗauki jan alƙalami ya ba shi biyar bisa goma, ya rubuta a ƙasa: "Ka fita daga batu."

Da ya koma gida bayan azahar, matarsa Asiya ta ajiye masa shinkafa da miyar kuɓewa. Ya ci loma biyu ya fara magana, kamar yadda ya yi jiya da shekaranjiya.

"A garin nan, Asiya, taku kaɗan daga Harami, ana koya wa yara wai matacce yana tashi ya hau bene."

"Ai ka faɗa jiya, Malam."

"Yaro in aka saba masa da zaƙi, ba ya ƙara cin abinci. Wa zai zauna ya haddace baiti bayan an ba shi fatalwa?"

"Mu ma da muna yara kaka takan yi mana tatsuniyar da ta fi wannan ban tsoro, ba mu fasa salla ba." Ta zuba masa ruwa. "Isan nan kai ka kawo shi gidan nan, kai ka ce ƙaninka ne. Yanzu ko sunansa aka ambata sai fuskarka ta canza."

"Kishin addini nake yi."

"Da ka ce kishi ka tsaya nan, da na fi yarda."

Ya ture kwanon ya tashi. Bai yi mata magana ba har magariba.

Talatar da ta biyo baya ba shi da darasi a sa'a ta biyu. Ya fito daga ɗakin malamai kamar mai zuwa shan ruwa, ya bi ta bayan aji na biyu, ya tsaya jikin bango kusa da tagar katako. Ya ce wa ransa hujja ya zo nema, don kada ya yi magana a kan abin da bai ji da kunnensa ba.

Isa yana karantawa a hankali, jimla da Turanci, jimla da Larabci. Ba ya ɗaga murya. Ajin ya yi tsit, har Abdulganiyyu yana jin kukan tattabaru a kan rufi. Mutumin cikin labarin ya daina fita gona. Ya zuba toka a kan matakala don ya ga sawun sosai. Ya je wurin wata tsohuwa a ƙauyen, ta gaya masa cewa mai fiton yana da 'ya ƙarama, kuma ranar da ya nutse magani ya tsallaka ya sayo mata, ita kuma tana kwance a ɗakin sama tana jiransa. Mutumin ya dawo gida ya tarar da sawun a mataki na goma sha biyu, ruwa na ɗiga daga gefen katakon. Ya ɗauki kujera ya zauna a bakin ƙofar ɗakin.

Sai Isa ya rufe littafin. "Saura sai Talata mai zuwa."

Ajin ya kaure. "Haba ya Ustaz!" "Shafi ɗaya, don Allah!" Isa yana dariya yana cewa sai kowa ya kawo masa jimla biyar a kan abin da yake zaton zai faru.

Abdulganiyyu ya ga hannunsa ya riƙe marfin tagar da ƙarfi. Shi ma so yake a ci gaba, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai. Yana shirin juyawa ya ji muryar Dawuda ta fito sama da ta kowa:

"Wallahi ya Ustaz, tunda na shigo makaranta ban taɓa yin darasi mai daɗin wannan ba."

Bai koma ɗakin malamai ba. Kai tsaye ya hau sama zuwa ofishin mudir.

Mudir dattijo ne mutumin Ɗa'ifa, saura masa shekara biyu ya ajiye aiki, kuma babu abin da ya ƙi kamar fitina. Ya saurari Abdulganiyyu yana juya carbi.

"Ka karanta littafin?"

"Ba na jin Turanci. Amma na ji da kunnena ana gaya wa yara mamaci ya dawo gidansa. Kuma ba ya cikin littattafan da hukumar ilimi ta ba mu. Ni ba na son a cutar da Isa, baƙo ne, bai san garin ba. Tsorona kada wani uba ya ji, ya kai maganar gaba da nan."

Ya san wannan jimlar ta ƙarshe ita ce za ta yi aiki, kuma ta yi. Washegari da safe mudir ya kira Isa, ya karɓi littafin, ya ja masa kunne a gaban magatakarda.

Ranar Juma'a bayan la'asar Isa ya zo kamar kullum. Ya zauna a kan tabarma a soro, Asiya ta aiko da shayi. Idanunsa sun faɗa.

"Yaya, sun karɓe littafin."

"Na ji."

"Ban san wanda ya kai ƙara ba. Na yi ta tunani ko wani uba ne. Ni fa ban ce wa yaran nan gaskiya ne ba. Tun ranar farko na gaya musu ƙagaggen labari ne, na gaya musu abin da addininmu ya ce a kan wanda ya mutu. Yaran da suka kasa haɗa jimla ɗaya a wata uku, yanzu suna rubuta mini biyar. Saura shafi huɗu kacal." Ya juya kofin shayin a hannunsa. "Kai ka fi ni sanin mudir. In koma in roƙe shi, ko in yi shiru?"

"Ka yi shiru tukuna. Ka bari ya huce."

Wani mai ruwa ya wuce ta lungu, garewaninsa na kaɗawa. Abdulganiyyu bai yi niyyar tambaya ba, amma maganar ta kwana uku tana cinsa, sai ta fito da kanta.

"To bayan ya ajiye kujera a bakin ƙofar, me ya faru? Mai fiton ya shiga ɗakin?"

Isa ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallonsa.

"Dawuda ya ce mini ya ga mutum a jikin taga ranar Talata. Ya ce kamar kai ne. Na ce masa ina ruwan Ustaz Abdulganiyyu da laɓe." Ya ajiye kofin a hankali. "Ranar Talata ka tsaya a taga, ranar Laraba aka kira ni. Kai ne?"

Abdulganiyyu ya so ya musa, amma bai taɓa iya ƙarya ido da ido ba. Sai ya shiga kawo dalilai: amanar yara, da alfarmar garin, da cewa gara abin ya tsaya a ofishin mudir da ya kai hukuma. Yana magana yana jin muryarsa kamar ta wani.

Isa ya bar shi ya gama. "Duk Juma'a ina zaune a nan. Da ka ce mini, Isa ajiye littafin nan, wallahi da na ajiye shi da hannuna, ko ban gamsu ba. Saboda kai ne." Ya miƙe ya saka takalminsa. "A gaida mutan gida, Ustaz."

Asiya tana tsaye a bayan labule, ta ji komai. Ta fito ta kwashe kofuna.

Abdulganiyyu ya sami ajinsa kamar yadda yake so. Babu zane a kan allo, babu takarda a ƙarƙashin tebur. Yana rera baiti suna amsawa. Isa bai gaya wa kowa ba, amma yara ba sa bukatar a gaya musu. Dawuda ya ci gaba da kawo haddarsa ba kuskure, yana faɗa yana kallon bango, in ya gama ya zauna. Ya daina tsayawa bayan darasi, ya daina ɗaukar wa malamin littattafai zuwa ƙofa.

Wata rana Abdulganiyyu ya gwada wani abu. Ya kwana biyu yana binciken tsofaffin littattafansa har ya samo labarin wani matafiyi da ya haɗu da aljani a sahara. Ya zo ya karanta musu da duk gwanintarsa, yana sassauta murya a inda ya ji Isa yana sassautawa. Suka saurara cikin ladabi. Da ya gama ya rufe littafin, ya yi tambayar da bai taɓa yi ba: "To, me kuka gani?"

Can wani yaro ya ɗaga hannu. "Ya Ustaz, zai fito a jarrabawa?"

Isa kuwa ya koma littafin hukuma, mai jimlolin wannan ƙofa ce, wancan alƙalami ne. Duk da haka in an tashi, yara biyar ko shida sukan raka shi har bakin titi, suna tambayarsa sunan abubuwa da Turanci, yana nuna musu jaki, da tulu, da motar haya, suna dariya. Abdulganiyyu yakan taho a bayansu shi kaɗai. A nan ya gane ba littafin ne ya ƙwace masa yaran ba, kuma ganewar ba ta rage masa komai ba. In ya ji dariyar, ƙirjinsa yakan yi zafi kamar ranar farko.

Bayan wata guda ya sake hawa ofishin mudir. Ya ce ya yi tunani, wataƙila ya tsananta, ko za a mayar wa malamin littafinsa ya ƙarasa wa yara shafi huɗun.

Mudir ya dube shi ta saman tabarau. "Kai ka zo ka tayar mini da hankali, yanzu kuma ka zo ka ce in mayar? Na riga na rubuta a takardunsa, littafin kuma na aika da shi hukuma don in wanke kaina. Magana ta ƙare, ya Ustaz."

Da shekara ta zo ƙarshe, gab da aikin Hajji, Isa ya nemi a mayar da shi Jidda, aka amince. Abdulganiyyu ya ji ranar tafiyar a bakin magatakarda. Ya yi ta kai da kawo a tsakar gida har Asiya ta miƙo masa hularsa ta ce, "In za ka je ka je, mota ba za ta jira ka ba."

Misfala ta cika da alhazai, da ƙyar ake kutsawa. A ƙofar gidan da Isa ke zaune ya tarar da 'yan aji na biyu sun fi goma, wani ya ɗauki akwati a ka, wani katifa, Dawuda yana rungume da ƙullin littattafai. Da suka gan shi hirar ta tsaya. Ya wuce ta tsakiyarsu har gaban Isa, ya yi magana da Hausa, a hankali, don yawancin yaran ba sa ji.

"Na zalunce ka. Ba addini ba ne, kishi ne. Ka yafe mini."

Isa ya ba shi hannu. "Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya faɗa da gaske, amma bai ƙara komai a kai ba, kuma direba yana ta danna ƙaho. Yaran suka loda kayan, suka bi motar da gudu har kwanar titi. Abdulganiyyu ya tsaya a inda yake. Ko a wannan lokacin, da ya gama neman gafara, ya kama kansa yana ƙirga yawan yaran da suka zo rakiya, yana tambayar kansa nawa za su zo in shi ne mai tafiya.

Da aka koma makaranta bayan Hajji, an kawo wani malamin Turanci, dattijo mai yawan tari, wanda ke karanta darasi daga zaune ba ya ɗaga kai. Yara sukan yi gyangyaɗi a ajinsa. Shi da Abdulganiyyu suka zauna lafiya shekara shida, ko sau ɗaya ba su saɓa ba, har malamai sukan yaba yadda jininsu ya haɗu. Abdulganiyyu ya san dalili: mutumin ba shi da abin da zai sa shi kishi. In an yaba yakan sunkuyar da kai ya ci gaba da gyaran takardun yara.